Wace hanya ce ta fi dacewa wajen auna ingancin aikin kamfani ko hukuma?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin gudanarwa, kuma ina so in gwada ingancin aikin rassan wani banki. Malamin da ke duba aikina ya ce in zaɓi ɗaya tsakanin hanyoyin lissafi biyu na auna inganci, DEA (Data Envelopment Analysis) da SFA (Stochastic Frontier Analysis), wani abokina kuma ya ce in raba ribar kowane reshe da yawan ma'aikatansa in huta. Wace hanya ce ta fi sahihanci, kuma me ya bambanta su?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kafin in zo kan zaɓin da malaminka ya ba ka, akwai wata tambaya a ƙarƙashin taka da ya kamata a fara warwarewa, domin na duba kundaye da yawa da suka yi lissafi mai wuyar gaske amma sakamakonsu bai taka kara ya karya ba, kuma kusan kullum dalilin shi ne marubutan sun tsallake ta. Me reshen banki yake samarwa, da me yake samar da shi, kuma da wa za a gwada shi? Duk wani makin inganci da ka taɓa gani a mujalla ko a rahoto gwaji ne tsakanin wannan da wancan. Idan aka ce reshe ya ci kashi 80 cikin 100, abin da ake nufi shi ne, bisa abubuwan da mai binciken ya ga damar ƙirgawa, kuma bisa rassan da ya samu bayanansu, akwai waɗanda suke yin aikin da reshen yake yi da kashi 80 na abin da yake cinyewa. Da zarar an sauya abin da aka ƙirga ko aka sauya abokan gwajin, makin ma zai sauya.

Akwai kalmomi uku da mutane kan cakuɗa, kuma cakuɗa su ne mafarin ruɗani. Yawan samarwa shi ne abin da aka fitar idan aka raba shi da abin da aka zuba, kamar yawan masu hulɗa da ma'aikaci ɗaya ya sallama a rana. Ingancin aiki kuwa shi ne nisan da ke tsakanin abin da kake samu da abin da ya kamata ka samu da kayan da ke hannunka. Cimma manufa wani abu ne daban: asibiti na iya sallamar marasa lafiya da yawa da kuɗi kaɗan, amma idan rabinsu suna dawowa bayan mako biyu da ciwon da ya kai su tun farko, to bai cika abin da aka kafa shi dominsa ba. Bincikenka a kan na biyun yake, sai dai ba za ka iya kau da kai daga na ukun ba, kuma zan dawo kansa.

Shawarar abokinka ba ta banza ba ce, domin masu kula da bankuna kansu suna amfani da irin wannan rabo a kullum, musamman rabon kuɗin gudanarwa da kuɗin shiga. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, ribar reshe tana bin wurin da aka gina shi da kuɗin ruwan da hedkwata ta tsara fiye da yadda take bin ƙwazon manaja, saboda haka reshen da ke tsakiyar babbar cibiyar kasuwanci zai zo kan gaba ko da ana barci a cikinsa. Ta biyu, rabon yana kallon ma'aikata kaɗai. Reshen da ya sallami rabin ma'aikatansa ya cika harabarsa da injunan cirar kuɗi zai yi fice a wannan ma'auni ko da kuɗin injunan ya fi albashin da aka daina biya. Wannan ya sa masana tattalin arziki suka koma haɗa dukkan abin da aka zuba wuri ɗaya, ma'aikata da jari da kayan aiki. A 1957 Robert Solow ya nuna cewa mafi yawan ƙaruwar abin da ma'aikacin Amurka yake samarwa a tsakanin 1909 da 1949 bai samo asali daga ƙarin jari ba, ya fito ne daga wani ragowar da lissafi bai iya bayyana shi ba. Shekara guda kafin nan Moses Abramovitz ya riga ya kira wannan ragowa ma'aunin jahilcinmu. Ka riƙe wannan suna, domin makin rashin inganci da za ka samu shi ma ragowa ne.

Tushen hanyoyin biyu da aka ba ka zaɓi a kansu ɗaya ne, wato maƙalar da Michael Farrell, wani masani ɗan Birtaniya, ya wallafa a 1957, yana ɗorawa a kan aikin Tjalling Koopmans da Gerard Debreu na 1951. Kafin shi, an saba jan layi ta tsakiyar bayanai a gwada kowa da matsakaici. Farrell ya ce a daina, a ja layin ta gefen da gwanaye suke, a gwada kowa da abin da aka ga wani ya riga ya yi. Ya gwada wannan tunani da bayanan noma na jihohin Amurka 48. Wannan layi na gwanaye shi ake kira iyaka, kuma duk gardamar da aka shafe shekaru ana yi a fannin ta koma kan yadda za a zana shi.

Bari mu zana shi da hannu, da misalin da na ƙirƙira don bayani kawai. Mu ɗauka akwai rassa uku, kowanne yana gudanar da hada-hada 10,000 a wata. Reshen A yana da ma'aikata 12 da injuna 2. Reshen B yana da ma'aikata 4 da injuna 6. Reshen C yana da ma'aikata 10 da injuna 5. Idan ka gwada C da A, manajan C zai ce ai ma'aikatansa ba su kai na A ba. Idan ka gwada shi da B, zai ce injunansa ba su kai na B ba. Duka biyun gaskiya ya faɗa, babu reshe ɗaya da ya fi shi ta kowane ɓangare. To amma ka ɗauki rabin A ka haɗa da rabin B. Za ka samu wani reshe na zato mai ma'aikata 8 da injuna 4, wanda shi ma zai gudanar da hada-hada 10,000. Takwas cikin goma da huɗu cikin biyar duk kashi 80 ne cikin 100, kuma wannan shi ne makin C. A da B kuwa suna kan iyaka, kowanne ya ci 100.

Farrell bai tsaya nan ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke tsayawa. Abin da muka lissafa ingancin sarrafawa ne kawai, wato rashin ɓarnar kayan aiki. Akwai kuma ingancin zaɓi, wanda ke tambayar ko haɗin ma'aikata da injunan da reshe ya zaɓa ya dace da tsadar kowannensu. Mu ce ɗaukar nauyin ma'aikaci ɗaya ya ninka kula da inji ɗaya sau uku, wato ma'aikaci awo uku, inji awo ɗaya. Ke nan B yana kashe awo 18, C yana kashe 35, A kuma 38. Ka lura da kyau: reshen A da ya ci maki 100 ya fi C mai maki 80 cin kuɗi. Ko da C ya gyara duk ɓarnarsa ya sauko kan ma'aikata 8 da injuna 4, zai kashe awo 28, alhali B yana yin aikin da 18. Ingancin zaɓinsa ke nan kusan kashi 64, kuma idan aka haɗa biyun, ingancinsa ta fuskar kuɗi bai wuce kashi 51 ba. Saboda haka idan ka rubuta cewa reshe kaza yana da cikakken inganci, dole ne ka faɗi wane irin inganci kake nufi.

DEA ita ce wannan lissafi da muka yi da hannu, an faɗaɗa shi yadda zai ɗauki rassa ɗaruruwa da abubuwa da dama da ake zubawa da waɗanda ake fitarwa. Abraham Charnes da William Cooper da Edwardo Rhodes ne suka fito da ita a 1978, kuma ta samo asali daga binciken digirin digirgir na Rhodes a Jami'ar Carnegie Mellon kan wani shirin gwamnatin Amurka na tallafa wa karatun yaran marasa galihu. Wannan asali ya bayyana dalilin farin jininta. Makaranta ba ta sayar da komai, babu farashin da za a ɗora wa iya karatu ko iya lissafi, to ta yaya za a haɗa su su zama adadi ɗaya? Dabarar DEA ita ce a bar kowace makaranta ko reshe ya zaɓi nauyin da zai bai wa kowane abu, wanda ya fi fito da shi da kyau, da sharaɗin cewa idan aka auna sauran da wannan nauyin babu wanda zai wuce 100. Wanda ya gaza cin 100 bayan an ba shi wannan dama ba shi da bakin cewa an yi masa rashin adalci wajen awo. A 1984 Rajiv Banker tare da Charnes da Cooper suka ƙara wani sharaɗi da ke sa a gwada ƙarami da ƙanana, babba da manya, domin tsarin farko ya ɗauka cewa wanda ya ninka kayan aikinsa zai ninka abin da yake fitarwa daidai wa daida. Bambancin makin da tsare-tsaren biyu suke bayarwa shi ke nuna maka ko matsalar reshe ta girma ce, ya yi ƙanƙanta ko ya kumbura, ko kuwa ta gudanarwa ce.

Wannan sassauci da ya sa ake son DEA shi ne kuma rauninta. Ƙara reshe na huɗu a misalinmu, D, mai ma'aikata 20 da inji 1. Kowa ya dube shi ya san an yi cunkoson ma'aikata, amma zai ci maki 100, domin babu wanda ya kai shi ƙarancin injuna, kuma zai ɗora dukkan nauyinsa a kan hakan. Duk reshen da ya fita daban ta wani ɓangare yakan haye kan iyaka saboda rashin abokin gwaji. Haka kuma, yayin da kake ƙara yawan abubuwan da kake ƙirgawa, kana ƙara wa kowane reshe ƙofar da zai bi ya tsira, har ka wayi gari rabin rassanka sun ci 100, binciken bai bambance komai ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce yawan rassa ya kai aƙalla ninki uku na jimillar abubuwan zubawa da na fitarwa, kuma ni a ganina wannan ƙa'ida ta yi sassauci da yawa. Mafi muni, DEA ba ta san kuskure ba. Idan ainihin ma'aikatan B shida ne amma mai shigar da bayanai ya rubuta huɗu, to makin C na gaskiya kusan 86 ne, kuma an rage masa maki shida saboda yatsan wani ya zame. Léopold Simar da Paul Wilson sun nuna tun 1998 yadda za a maimaita lissafin sau dubbai a kan samfuran da aka sake ɗiba domin a gane iyakar tabbacin kowane maki, kuma ba na karɓar kundin DEA a yau da ba a yi hakan a cikinsa ba.

SFA ta taso ne domin amsa wannan matsala ta kuskure. A 1977 ƙungiyoyi biyu suka fito da ita kusan lokaci guda ba tare da haɗin baki ba: Dennis Aigner da Knox Lovell da Peter Schmidt a ɓangare ɗaya, Wim Meeusen da Julien van den Broeck a ɗaya ɓangaren. Tunaninsu shi ne giɓin da ke tsakanin reshe da iyaka abu biyu ne a cakuɗe, tsautsayi da sakaci. Tsautsayi ya haɗa da kuskuren awo da ɗaukewar intanet da ambaliyar da ta rufe hanya, da kuma sa'ar da kan faɗo wa wani, saboda haka yana iya turo reshe sama ko ƙasa. Sakaci kuwa fuska ɗaya yake kallo, ƙasa kawai yake ja. Idan ka tattara giɓin dukkan rassa ka ga ya rabu daidai hagu da dama, sai a ce tsautsayi ne ya yi aiki. Idan ya karkata gefe ɗaya da doguwar jela, girman karkatar shi ake fassarawa a matsayin rashin inganci. A 1982 James Jondrow da abokan aikinsa suka nuna yadda za a ciro wa kowane reshe nasa kason daga wannan cakuɗa.

Dabara ce mai kyau, amma ana biyan kuɗinta da zato. Dole ne ka faɗi tun farko irin siffar da dangantakar kayan aiki da sakamako take da ita, ko mai sauƙi irin ta Cobb da Douglas ko wadda ta fi ta sassauci amma ta fi cin bayanai. Dole ne kuma ka zaɓi siffar da sakaci yake bazuwa a tsakanin rassa, alhali babu wanda ya taɓa ganin wannan siffa da idonsa. Da rassa ƙalilan ba za a iya gane karkata daga hargitsin bayanai ba, kuma wani lokaci jelar takan fito ta gefen da ba a zata ba, sai manhaja ta ce maka kowa yana da cikakken inganci. Sannan tsarinta na asali yana ɗaukar abu ɗaya ne da ake fitarwa, don haka mai abubuwa da dama sai ya koma lissafin kuɗin da aka kashe, wanda ke buƙatar sanin farashin kayan aiki a kowane reshe.

Misalin da ya fi nuna haɗarin wannan fanni gaba ɗaya shi ne rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2000, wanda ya jera tsarin kiwon lafiya na ƙasashe 191 bisa lissafin iyaka, ya sa Faransa ta farko, Amurka ta 37. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Da William Greene ya sake nazarin bayanan a 2004, ya nuna cewa babban kaso na abin da aka kira rashin inganci bambancin yanayi ne tsakanin ƙasashe, na arziki da ilimi da tsarin mulki da yawan jama'a, kuma jerin yana sauyawa sosai idan aka ware waɗannan. Tsohuwar gardama ce ta dawo da sabuwar riga. A 1966 Harvey Leibenstein ya ce kamfanoni suna asarar dukiya mai yawa saboda kasala da raunin sa ido, musamman inda babu gasa. Bayan shekara goma George Stigler ya mayar masa da martani cewa abin da ake kira kasala wataƙila wani abu ne da mai bincike ya gaza ƙirgawa. Ina ganin Leibenstein ya fi kusa da gaskiya a zahiri, amma kowane mai bincike ya kamata ya ji tsoron Stigler.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan rami. A farkon aikina na auna wasu asibitoci da DEA, na ƙirga likitoci da ma'aikatan jinya da gadaje a gefe ɗaya, marasa lafiyar da aka sallama a ɗaya gefen. Wani asibiti ya zo can ƙasa, na kuwa rubuta shi a cikin daftarin rahoto a matsayin wanda ya fi kowa ɓarna. Da na kai ziyara, shugabar ma'aikatan jinya ba ta yi mini gardama ba. Ta jawo wani babban littafi mai baƙin bango daga kan teburinta ta buɗe a gabana, ta sa yatsa a kan layin da ake rubuta inda aka turo mara lafiya. Shafi bayan shafi, sunayen asibitocin da suka ci maki 100 a lissafina ne. Duk wanda ciwonsa ya yi tsanani nan suke turo shi, ya kwana ashirin a gado, su kuma su ci gaba da sallamar masu sauƙin ciwo cikin kwana biyu. Lissafina bai yi kuskure ko na ɗigo ba. Ni ne na ƙirga mara lafiya a matsayin mara lafiya kawai, ban tambayi wane iri ba.

A banki wannan matsala tana da sananniyar siffa: shin kuɗin ajiya abin zubawa ne ko abin fitarwa? Wata mahanga tana kallon banki a matsayin mai yi wa jama'a hidima, yana amfani da ma'aikata da gini da injuna wajen buɗe asusu da karɓar ajiya da duba takardun rance, don haka ajiya tana cikin abin da ya samar. Ɗaya mahangar, wadda ake dangantawa da maƙalar Sealey da Lindley ta 1977, tana kallonsa a matsayin dillali da ke karɓar kuɗin masu ajiya ya mayar da su rance, don haka ajiya kayan aiki ce. Ta biyun ta dace da gwada banki da banki. Kai da kake gwada rassa, ta farkon ce ta fi dacewa da kai, domin manajan reshe ba shi ke yanke hukunci kan yadda za a juya kuɗin banki ba. Idan ka bi ta biyun, reshen da aka kafa musamman domin tara ajiya zai fito kamar wanda yake cinye dukiya bai samar da komai ba. Ka kuma kula da rancen da ya maƙale. Reshen da ke bayar da rance ba tare da bincike ba zai yi fice a bana saboda ya rage aiki ya ƙara adadi, asarar kuma sai bayan shekara biyu ko uku za ta bayyana. Sai ka shigar da rancen da ba a biya ba a matsayin mummunan sakamako, ko ka cire shi daga jimilla.

Za ka so ka san ko hanyoyin biyu suna bayar da amsa ɗaya. Sau da yawa ba sa yi. A 1997 Allen Berger da David Humphrey sun yi bitar bincike 130 kan cibiyoyin kuɗi a ƙasashe 21, suka ga cewa hanyoyin da ba sa ware tsautsayi, irin su DEA, sukan bayar da maki mafi ƙanƙanta, kuma jerin wanda ya fi wani yakan bambanta daga hanya zuwa hanya. Shekara guda bayan haka, su biyun tare da Paul Bauer da Gary Ferrier suka gwada hanyoyin a kan bayanan bankunan Amurka iri ɗaya, suka tarar cewa jituwar da ke tsakanin jerin DEA da na hanyoyin ƙididdiga irin su SFA ba ta da ƙarfi. Hukumomin da ke yanke hukuncin kuɗi da waɗannan lissafai sun san haka. Norway ta fara amfani da DEA wajen ƙayyade kuɗin shigar kamfanonin rarraba wutar lantarki tun 1997. Jamus kuwa, a tsarin da ta fara aiki da shi a 2009, tana lissafa DEA da SFA, kowace a kan nau'i biyu na kuɗin da kamfani ya kashe, sannan ta ba kamfanin mafi girman maki cikin huɗun, kuma ba a sa wa kowa ƙasa da kashi 60. Hukumar da ke da bayanai masu kyau da ƙwararrun ma'aikata ta ƙi dogara da hanya ɗaya, kuma wannan ya ishe ka ishara.

Idan kana da bayanan shekaru da dama, akwai ma'aunin da aka raɗa wa sunan Sten Malmquist, wanda Rolf Färe da abokan aikinsa suka yaɗa a 1994. Yana raba ci gaban reshe gida biyu, matsawar da ya yi kusa da iyaka da kuma matsawar da iyakar kanta ta yi. Yana da amfani a banki, domin shigowar hada-hada ta waya na iya sa makin reshe ya faɗi alhali aikinsa ya ƙaru, saboda gwanaye sun yi masa nisa.

Tunda a sashen gudanarwa kake, masu jarrabawa za su tambaye ka dalilin bambancin makin da ke tsakanin rassa, kuma DEA da SFA ba sa faɗin dalili. Bambancin kansa babba ne: Chad Syverson ya nuna a 2004 cewa a cikin masana'antu iri ɗaya a Amurka, masana'antar da ke kusa da sama tana fitar da kusan ninki biyu na abin da ta kusa da ƙasa take fitarwa da kayan aiki daidai. Nicholas Bloom da John Van Reenen sun bi ta wata hanya a 2007, suka yi hira ta waya da manajojin kamfanoni 732 a Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus, suka ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan ɗabi'un gudanarwa 18 da suka shafi sa ido da tsara buri da sakayya. Abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne manajojin ba su san ana ba su maki ba, masu hirar kuma ba su san ribar kamfanonin ba. Daga baya, a wani gwaji a masaƙun Indiya da aka wallafa a 2013, masana'antun da aka koya wa waɗannan ɗabi'u sun ƙara yawan samarwa da kusan kashi 17 a shekarar farko. Ka gwada wannan da abin da ya zama ruwan dare a kundayen ɗalibai, inda ake miƙa wa manaja takarda ya ba kansa maki a kan iya shugabanci, sannan a takardar ya ba reshensa maki a kan inganci, a ce an gano dangantaka. Ra'ayin mutum ɗaya game da kansa aka auna sau biyu. Idan kuma ka yi niyyar ɗaukar makin DEA ka danganta shi da shekarun manaja ko yawan horo a mataki na biyu, ka sani cewa Simar da Wilson sun nuna a 2007 cewa yadda aka saba yin hakan yana bayar da tabbacin ƙarya, domin makin kowane reshe ya dogara da na sauran, kuma sun ba da gyaran da ya kamata ka bi.

Wani abu kuma ya shafi amana. Idan bankin ya karɓi sakamakonka ya fara raba garaɓasa da shi, ma'aunin zai fara lalacewa, kamar yadda Charles Goodhart ya yi gargaɗi a 1975. A Ingila, bayan an sa wa asibitoci dokar kammala duba mara lafiya a sashen gaggawa cikin awa huɗu, an samu wuraren da ake barin marasa lafiya cikin motar asibiti a bakin ƙofa domin kada agogo ya fara ƙirgawa. Reshen da ya san ana ƙirga sababbin asusu zai buɗe asusun da babu mai taɓa su. Saboda haka ka ƙirga asusun da ke motsi, kuma ka rubuta wannan gargaɗi ƙarara a cikin shawarwarinka.

Ga abin da zan yi da ni ne a matsayinka. Idan rassan ba su kai 30 ba, zan bar SFA gaba ɗaya, in yi DEA da abubuwan zubawa biyu ko uku da na fitarwa biyu ko uku, in karkata lissafin zuwa rage abin zubawa, domin manaja yana da iko a kan ma'aikata da kuɗin gudanarwa fiye da ikonsa a kan yawan masu shigowa. Zan ware rassan manyan cibiyoyin kasuwanci daga na ƙananan wurare, in cire kowane reshe da ke kan iyaka ɗaya bayan ɗaya in ga yadda makin sauran ke motsawa. Idan rassan sun haura 100, ko ina da bayanan shekaru huɗu zuwa biyar, zan yi hanyoyin biyu, in nuna wa mai karatu inda suka yi ittifaƙi da inda suka saɓa, kuma ba zan kira wani reshe mai rauni ba sai wanda duka biyun suka ajiye a ƙasa. Rabon da abokinka ya ba da shawara shi ma zan sa shi a gefe domin kwatanci. Kafin in rubuta babin sakamako kuwa, zan nemi izinin ziyartar rassa uku na sama da uku na ƙasa, in zauna rabin yini a kowanne, in tambayi manaja da mai karɓar kuɗi a kanta wane aiki ne yake cinye musu lokaci wanda babu shi a cikin teburin bayanaina.